Abin da Wuƙa Ta Bari a Tsaye: Bugun Tudu a Zamanin Folima da Leza

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai yankan hatimi ne a Gadarif, a nan ƙasar Sudan. A da ɗan teburinsa yana gefen titi, kusa da inda masu rubuta wa mutane takardun ƙara suke zama, kuma duk kayan aikinsa ba su cika aljihun jallabiya ba: guntun roba, reza da ya karya biyu ya ɗaure a bakin kara, fensir, da ɗan madubi irin na wanzamai. Mai kanti ko ma'ajin masallaci zai zo ya faɗi sunan da yake so, kawu ya zana shi a juye, daga hagu zuwa dama kamar mai rubutun boko alhali Larabci ne, ya leƙa madubi ya tabbatar, sannan ya sa reza. Ranar da ya fara miƙo mini roba in gwada, na tambaye shi ta ina zan bi layin. Ya ce, "Ɗana, kada ka taɓa layin. Aikinka yana gefensa. Abin da ka bari a tsaye, shi zai yi magana."

Wannan ita ce ƙa'idar abin da nake kira bugun tudu. Ka sami fili mai santsi, katako ko roba ko makamancinsu, ka ƙwaƙule duk inda kake so ya fito fari, ka bar saura a tudu. Ka shafa tawada a kan tudun, ka ɗora takarda, ka danna. Kwarin bai taɓa takarda ba, don haka ya fito fari, tudun kuwa ya fito baƙi. Dangwalen yatsa a gaban alƙali ma haka yake aiki, zanen fatar yatsa ne tudun. Yana da 'yan'uwa uku da ake yawan gwamutsa su da shi. Akwai bugun kwari, inda tawada take kwanciya cikin ramin da aka karta a farantin tagulla ko tutiya, a share saman, injin matsa ya tsotso ta zuwa jiƙaƙƙiyar takarda. Akwai bugun dutse, wanda ba tudu ba kwari, rashin jituwar mai da ruwa ne kawai yake raba fari da baƙi. Akwai kuma bugun rariya, na masu buga riguna da tutoci, inda tawada take ratsa ƙyalle ta wurin da ba a toshe ba. Cikin huɗun, na tudu ne mutum zai iya farawa ya kammala a gindin bishiya, da wuƙa da bayan cokali.

Tsoho ne ƙwarai. Littafi mafi daɗewa da aka buga mai ɗauke da kwanan wata, wani nassin addinin Buddha ne daga ƙasar Sin, na shekarar 868 Miladiyya, wanda aka samo a kogunan Dunhuang, yana ajiye a Landan yanzu, kuma daga sassaƙaƙƙen katako aka buga shi. Musulmi ma sun taɓa yi, ko da yake ba kowa ya sani ba. A Masar, daga wajen ƙarni na 10 zuwa na 14, ana buga layu da addu'o'i a kan siraran takardu ta wata hanya da ake kira ɗarsh, kuma an sami takardun shaidar aikin hajji na ƙarni na 13 da aka buga ta wannan hanyar. Daga baya sana'ar ta mutu a hannunmu.

Wanda ya taɓa yanka Larabci a juye ba zai yi mamakin haka ba. Alƙalamin kara yana kauri yana sirancewa cikin harafi ɗaya, gwargwadon yadda malami ya juya bakinsa, wuƙa kuwa sai ta bi gefe biyu na kowane layi kafin ta kwaikwayi abin da alƙalami ya yi da ja ɗaya. Babbar matsalar ma ɗigo ce. Kowane ɗigo tsibiri ne shi kaɗai a tsakiyar kwari, ba abin da ya tallafe shi, reza ta ɗan zame ya tafi. Ɗigo ɗaya ya faɗi, jim ta koma ha, zai ta koma ra, sunan mutum ya zama na wani. Na ga kawu ya jefar da robar da ya yini a kanta saboda ɗigo ɗaya. Haruffan dalma da Gutenberg ya fara jerawa a Jamus wajen 1450, su ma bugun tudu ne, sun dace da rubutun da haruffansa ke tsaye daban-daban. Namu a haɗe yake, harafi ɗaya yana da siga har huɗu. An yi maɗaba'ar Bulaƙ a Alƙahira wajen 1820, ta buga littattafai masu yawa, amma idon almajirin da ya saba da rubutun malaminsa bai huta da su ba.

Abin da ya shiga ran mutanenmu shi ne bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya gano a Jamus a 1796. Marubuci ya yi rubutunsa da tawada mai maiƙo a kan wata takarda, a daidai ba a juye ba, a kwantar da ita a kan dutse, rubutun ya koma can, a shafe dutsen da ruwan ƙaro. Inda maiƙo yake, tawada ta kama, inda ƙaro ya riƙe ruwa, ta ƙi. Hannun malami ya isa takarda yadda yake, ba tare da mai sassaƙa ya shiga tsakani ba. Akwai irin wannan injin a Khartum zamanin Turkiyya, kuma da birnin ya faɗa hannun Mahadi a 1885, mutanensa suka kwashe shi zuwa Umdurman suka riƙa buga Ratibi, wato littafin addu'o'insa, da sanarwowi da shi. Alƙur'anai da littattafan Ajami da alhazai ke kawo mana daga Kano, masu rubutun nan mai kauri, jikokin wannan hanyar ne: rubutun hannu ne aka ɗauki hotonsa aka buga. Ƙaron kuwa namu ne, na itacen dakwara da a nan ake ce wa hashab, wanda ake tsinta a Kurdufan da ƙasarmu ta Gadarif, shi ne dai wanda muke jiƙawa a tawadar allo.

Na daɗe a kan wannan tarihin saboda a cikinsa na sami ma'aunin da nake auna na'urorin yau da shi. Kakanninmu ba su tambayi wace hanya ce tsohuwa, wace ce sabuwa ba. Sun duba hannun wa ya isa takarda.

In aka ɗauki wannan ma'aunin, wata magana da abokan sana'a ke yawan yi ba ta tsayawa. Suna cewa duk wanda bai yanka allonsa da hannunsa ba, aikin ba nasa ba ne. To, Albrecht Dürer, wanda duniya ke ɗauka a matsayin gwanin bugun katako na Jamus wajen 1500, zane yake yi, akwai masu sana'ar yanka da ke bin layinsa. A Jafan ma, Hokusai ya zana, wani ya sassaƙa a katakon ceri, na uku ya buga da ɗan faifai na hannu da suke kira baren. Mutum uku ne a kan hoto ɗaya, suna kuwa na mai zanen ne. A wancan tsarin, gwanintar mai yanka ita ce ya ɓoye kansa, kada a ga sawunsa. Na'urar leza mai yanka allo da haske, in an duba, sabon ɗan ƙwadago ne a wannan tsohuwar kujerar.

Amma wani abu ya canza a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Gauguin a Faransa, sannan wasu samari masu zane da suka haɗa ƙungiya a Dresden a 1905, suka ɗauki wuƙa da kansu, suka bar tsagar katako da sawun ƙarfe suka fito fili a takarda. A Jafan ma wasu suka tashi da taken mutum ya zana da kansa, ya yanka da kansa, ya buga da kansa. Daga nan yanka ya daina zama kwafin zane, ya zama shi ne zanen. Wannan reshen ne ya yi 'ya'ya a Afirka. John Muafangejo na Namibiya, wanda ya yi karatu a Rorke's Drift ta Afirka ta Kudu ya rasu a 1987, da baƙi da fari kawai ya ba da labarin mutanensa, yana yanka dogayen jimloli a juye cikin hoton. Masu zanen Oshogbo sun yi a shekarun 1960. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya, har allunan da ya gama bugu da su ya riƙa shafe su da ruwan tagulla yana mai da su aikin ratayewa.

Me ke faruwa a hannu wanda ya sa wannan reshen ya bambanta? Sai wanda ya riƙe wuƙa ya sani sosai, amma bari in gwada. Ka zana fuskar tsohuwa a kan allo da fensir, ka ɗauko wuƙa mai tsinin baki don siraran layuka. Kana turawa, katako yana turo ka. In kana bin jijiyarsa, ƙarfe ya tafi sumul, in ka gitta ta, sai ya cije, ya nemi tsagewa, dole ka rage hannu ko ka juya allon. Layin da ka zana a lanƙwashe sai ya fito da ɗan kusurwa, ka duba ka ga kusurwar ta fi dacewa da ƙashin kuncin tsohuwar, sai ka bi ta, ka sake shawara a kan sauran fuskar. Da ka zo share fili da wuƙa mai faɗin baki irin na kwararo, ba ta kwashewa tas, tana barin 'yan kunyoyi kamar gonar da aka yi wa huɗa. Wasu za su ɗauki tawada su fito ɗishi-ɗishi a cikin farin. Kai za ka zaɓi inda kunyoyin za su fuskanta, ko su kewaye kan kamar iska, ko su zubo kamar ruwan sama. Duk wannan babu shi a zanen fensir. A lokacin yankan aka haife shi. Ga shi kuma ba gyara. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to yankan allo ya fi ta, abin da wuƙa ta ɗauke ba ya dawowa. Wannan yana sa mutum ya natsu irin natsuwar da ban taɓa samu a gaban kwamfuta ba, inda maɓalli ɗaya ke mai da kai baya.

Akwai hanyar buga launuka da ta kai wannan matuƙa. Maimakon allo ɗaya ga kowane launi, sai a yi amfani da allo guda: a yanka kaɗan, a buga launi mafi haske a kan duk takardun, a koma a ƙara yanka, a buga na biyu a kan na farko, a haka har allon ya kusa ƙarewa. Picasso ya shahara da ita wajen 1959 a Vallauris ta kudancin Faransa. In ka fara da takarda 20, bakwai suka karkace a hanya, 13 ke gare ka har abada, domin allon da ya buga launin farko babu shi kuma.

Kayan aiki kuwa, a nan ƙasar mutum yana yi da abin da ya samu. Aduwa, wadda Larabawanmu ke kira hijlij, ita ce itacen allon karatu tun kaka da kakanni, tana da tauri da laushin fuska, tana riƙe siririn layi, sai dai tana cin kaifin wuƙa. Maɗaci ya fi sauƙin yanka. Ablakash, falankin nan na manne-manne, shi ne mai araha, kuma jijiyarsa tana fitowa a bugu da kyau, amma fatar samansa tana ɓarewa in wuƙa ta dakushe. Linoliyam na gaskiya, wanda wani Bature ɗan Ingila, Frederick Walton, ya ƙirƙiro a shekarun 1860 don shimfiɗar ɗaki, haɗin man kittani ne da garin itace a kan buhun algarara. Ba shi da jijiya, wuƙa tana juyawa duk inda ka so. A ƙasashen sanyi sai sun ɗumama shi kafin ya yanku, mu rana ta ɗauke mana wannan, amma in ya kwana biyu a ajiye sai ya bushe ya riƙa marmashewa. Samunsa ma wuya ne. Abin da ke kasuwa ledar tsakar ɗaki ce, mushamma, wadda roba ce ta PVC. Tana yankuwa, musamman mai kauri, in an ɗan goge fuskarta da sanfefa mai laushi don tawada ta kama. Wuƙaƙe kuwa, ƙarfen tsohuwar laima da ma a lanƙwashe yake kamar kwararo, a yanke shi, a wasa bakin, a soka shi a kota.

Tawada ce mai ba da wahala. Ta ruwa, wadda ake yaba wa don ba ta da wari, a zafin watan Afrilu na Gadarif tana bushewa a kan gilashi kafin ka gama murza rola. Ta mai, irin ragowar gwangwanin maɗaba'a, ita ce mai haƙuri, amma tana kwanaki kafin ta bushe a takarda, in kuwa habub, guguwar ƙurar nan, ya taso ka bar taga a buɗe, ƙura ta zama launi na biyu. Wata shawara da nake ba duk wanda ya zo koyo: a daina wanke rola da hannu da fetur ko kananzir a rufaffen ɗaki. Man gyaɗa ko na riɗi yana narkar da tawadar mai, a goge da tsumma, a bi da sabulu.

Yanzu ga na zamani. Wanda ya fi burge ni shi ne farantin folima. Wani abu ne kamar roba mai taurara in hasken da ya wuce shuɗi, irin wanda ke cikin hasken rana, ya taɓa shi. Za a fitar da zanen a kan leda mai gani-har-hanji, a juya shi, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. A ɗora a kan farantin, a haska na 'yan mintuna. Inda haske ya ratsa ya taurare, inda baƙi ya tare ya zauna da laushi, a wanke shi da ruwa da buroshi ya tafi. Abin da ya rage tudu ne, daidai da zanen, har gashin layi. Ba wuƙa, ba asid. Irinsa na ruwa-ruwa shi ne a cikin 'yan injinan da shagunan hatimi suka koma amfani da su, waɗanda suka kwashe yawancin masu zuwa teburin kawu. Kuma da irinsa ne masana'antu ke buga rubutun jikin buhunan leda da kwalaye, don haka mai cewa bugun tudu ya mutu bai duba kwalin da ke ɗakinsa ba.

Abin da folima ta yi wa rubutunmu babba ne. Ta ba bugun tudu abin da bugun dutse ya daɗe yana fin sa da shi: hannun malami yana isa takarda ba tare da tafinta ba. Kaurin alƙalami da sirancewarsa, ɗan karcen da kara ke yi in tawada ta kusa ƙarewa, ɗigo uku na shin, duk suna tsayawa. Ga mai aiki da harafi, irin turbar da Ahmad Shibrain da Ibrahim al-Salahi suka buɗe a Khartum tun shekarun 1960 ta mai da harafin Larabci da allon khalwa, wato makarantar allo, kayan zane, wannan kyauta ce. A irin wannan aikin, alƙalami ne ya riga ya yanke hukunci, wuƙa in ta shigo ragewa kawai za ta yi. Sai dai folima tana da nata halin. Kwarinta bai kai milimita ɗaya ba a yawancin farantan, don haka rola mai laushi tana lotsawa ta shafa wa ƙasan tawada, farin ya yi datti. Daga waje ake kawo ta, da kuɗin waje. Zafi da haske suna lalata wadda ba a yi amfani da ita ba, ba kayan ajiya ba ce a ɗakin kwano.

Leza daban take. Ka ba kwamfuta zane, wani siririn haske mai zafi ya bi katako layi-layi yana ƙone inda za a cire. Akwai kuma injin da ke yin haka da ɗan ƙarfe mai juyawa. Suna da amfani inda ake son maimaici ba kuskure, kamar zanen dagi ko zayyanar gefen shafi da za ta zagaye sau 40, ko allunan launi huɗu da dole su hau kan juna daidai. Amma ƙasan da leza ke bari shafaffe ne, ba kunya, ba alkibla. Na ga ayyukan da aka sa kwamfuta ta ƙirƙiro sawun wuƙa na ƙarya don su yi kama da na hannu, kuma wannan ne kaɗai abin da nake ƙi a cikin lamarin gaba ɗaya. Sawun wuƙa shaida ce cewa hannu ya yi shawara a wurin. In ba a yi ba, a bar farin ya zauna fari, shi ma yana da kyansa. Gargaɗi ɗaya da ya shafi rai: kada a kuskura a sa mushamma ko wata robar PVC a ƙarƙashin leza. In ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai sinadarin kulorin, yana cin huhu, yana cin ƙarfen injin. Da yake mutane suna kiran ledar ɗaki da sunan linoliyam, kuskuren yana da sauƙin aukuwa.

Ba na cikin masu ganin na'ura a matsayin ragwanci. Al-Salahi, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, da tsufa da ciwon baya suka hana shi tsayuwa gaban babban ƙyalle, sai ya riƙa zane a kan kwalayen magungunansa yana zaune, aka riƙa faɗaɗa su ta bugun rariya zuwa manyan ayyuka. Wa zai ce ba hannunsa ba ne? Mai ciwon gaɓɓai, mai raunin ido, matar da ke da awa ɗaya tsakanin girki da reno, in leza za ta ɗauke musu share fili su kuma su yi fuskar da wuƙa, madalla.

Inda nake tsayawa da ƙarfi shi ne wurin sayarwa. Al'adar masu bugu ita ce a rubuta da fensir a ƙasan takarda, misali 3/20, wato ta uku cikin ashirin, a sa hannu, in an gama a soke allon ko a ajiye shi. Lambar tana da ma'ana ne saboda kowace takarda an shafa mata tawada daban, an murza ta daban, kuma allo yana gajiya. Yanzu mutum zai ɗauki hoton aikinsa, firinta mai feshin tawada ta fitar da shi a takarda mai tsada, ya rubuta 3/20. Hoton yana iya yin kyau, ya daɗe bai koɗe ba, kuma halal ne a sayar da shi, in an kira shi da sunansa. Amma fayil ba ya gajiya, ashirin ɗin alkawari ne kawai na baki. Mai saye da bai san bambanci ba ya yi cinikin biri a sama. Mai son ya gane, ya juya takardar: bugun hannu yakan bar sheƙin murzar cokali ko ɗan shatin tudu a baya, kuma tawadar tana zaune a saman takarda da ɗan kauri, gefenta ya ɗan taru. A rubuta gaskiya a baya, "yankan hannu a mushamma", ko "folima daga rubutun alƙalami", ko "leza da wuƙa". Ba wanda darajarsa za ta ragu.

Duk wannan muhawarar ta sauya kama tun ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan. Kwalejin zane ta Khartum, wadda ta yaye manyan ƙasar nan, ciki har da Muhammad Umar Khalil, ɗan Burri, gwanin bugun kwari da ke zaune a New York tun 1967, ta sami kanta a tsakiyar fagen yaƙi. Injin matsa na ƙarfe ba ya shiga jaka. Masu zane sun watse zuwa Alƙahira, Nairobi, Kampala, Bur Sudan. Gadarif ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, sannan daga Madani a Disambar 2023, sannan daga Sinnar, makarantu suka koma masauki. Leza tana son wuta mai tsayawa, folima tana son hanya a buɗe da canjin kuɗi. A wata makaranta da na riƙa zuwa, da yankakkun mushamma da ƙarfen laima da cokula muka yi aiki da yara. Wata yarinya 'yar shekara 12 ta yanka ƙofar gidansu da ta bari, ta buga guda shida, ta raba wa 'yan'uwanta. Ba na faɗin haka don in mai da rashi ado. Da an ba ni ɗakin aiki mai wuta da injin matsa da na karɓa da hannu biyu, kuma yaran nan sun cancanci su ga leza su san yadda take. Amma wanda ya fara da wuƙa, ranar da ya sami na'ura ya san abin da zai tambaye ta, ya san kaurin da layi ke bukata kafin ya tsaya, ya san yadda fari ke cin baƙi. Wanda ya fara da na'ura, ranar da wuta ta ɗauke sai ya zauna.

Aikin da ke hannuna yanzu haɗi ne. Wani malami ɗan Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ya rubuta mini baiti biyu na wa'azi da Ajami. Na zaɓi waƙa, ban zaɓi aya ba, domin bugu yana tara takardun gwaji da suka lalace, kuma ruwan wankin faranti ƙasa yake zuba. Rubutun na aika an mai da shi folima ta hannun wani mai zuwa Alƙahira. Kewayen, ayarin mutane da jakuna suna fuskantar gabas, na yanka shi da wuƙa a mushamma. Da yake kaurinsu ba ɗaya ba ne, sai na yi ta liƙa kwali a ƙarƙashin folimar har ta zo daidai da ledar, don rola ɗaya ta hau su tare.

Na kai wa kawu gwajin farko. Idonsa ya yi rauni, ya daina yanka, amma madubin yana aljihunsa. Bai kalli ayarin ba tukuna. Ya kai takardar dab da fuskarsa yana bin baitin da farce, yana ƙirga ɗigo, har ya kai ƙarshe bai sami wanda ya faɗi ba. Sannan ya karɓi farantin ya shafa kwarinsa da babban yatsa, ya ce, "Ramin nan ba zurfi, ɗana. Shi ya sa cikin harafin wawun nan ya toshe. Nemi rola mai tauri, kuma ka rage tawada." Na koma na rage, na murza ta a gilashi har ƙararta ta koma siririya kamar yayyafi a kan kwano. A gwaji na huɗu cikin wawun ya buɗe.